Guntayen Lantarki Masu Karɓar Tsari: Ma'anarsu, Tarihinsu da Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Gabatarwa

A ci gaba da ƙoƙarinmu na wayar da kan jama'a game da na'urorin zamani da ake girkawa a asibitoci, makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi, mun ga dacewar kawo bayani a kan wani nau'in kayan lantarki wanda ido ba ya yawan kai wa gare shi, alhali manyan na'urori da dama sun dogara da shi. Wannan kuwa shi ne guntun lantarki mai karɓar tsari, wato wanda ke fitowa daga masana'anta babu wani aiki da aka ɗora masa, sai mai haɗa na'ura ya tsara masa aikin da yake so ya yi.

Sanin wannan yana da amfani ga duk wanda aka damƙa wa amanar saye ko kula da kayan gwamnati. Sau da yawa na'ura mai tsada kan tsaya, a sayo sabon guntu mai lamba iri ɗaya a maye gurbin tsohon, amma ta ƙi tashi. Dalilin haka yana cikin bayanin da ke tafe.

Mene ne guntun lantarki?

Duk wanda ya taɓa ganin cikin rediyo ko wayar hannu ya ga wani koren allo mai ɗauke da wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu, da ƙafafuwan ƙarfe a gefensu. Su ne masu gyaran rediyo da waya ke kira ayisi, mu kuma a nan za mu kira su guntayen lantarki. A cikin kowanne akwai ɗan falle na sinadarin silikon, wanda ake tacewa daga wani irin dutse mai dangantaka da rairayi. A kan wannan falle ake shirya ƙananan makunnai da ake kira taransista. Aikin taransista shi ne ta bar wuta ta wuce ko ta hana ta, kamar makunnin fitilar ɗaki, sai dai ita wutar lantarki ce ke kunna ta da kashe ta, kuma tana iya yin haka sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya.

An ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a 1947. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya nuna cewa ana iya haɗa kayan lantarki da yawa a kan falle guda, sannan a 1959 Robert Noyce na kamfanin Fairchild ya fito da hanyar yin haka a kan silikon. Daga nan guntun lantarki ya samo asali.

Lissafin "i" da "a'a"

Na'urorin zamani suna aiki ne da alamomi 2 kacal, wato 1 da 0. Idan akwai wuta a kan waya, 1 ke nan. Idan babu, 0 ke nan. Ana iya ɗaukar 1 a matsayin "i", 0 kuma a matsayin "a'a". Wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna George Boole ne ya shimfiɗa ƙa'idojin irin wannan lissafi a wani littafi da ya wallafa a 1854. Bayan shekaru fiye da 80, a 1937, Claude Shannon, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna cewa ana iya aiwatar da lissafin Boole da makunnan lantarki.

Idan aka haɗa 'yan taransistoci domin yanke hukunci guda, ana kiran haɗin ƙofa. Manyan ƙofofi su ne kamar haka:

1. Ƙofar DA: tana ba da 1 ne kawai idan dukkan sharuɗɗa sun cika.
2. Ƙofar KO: tana ba da 1 idan ko da sharaɗi ɗaya ya cika.
3. Ƙofar AKASI: tana mai da 1 ya zama 0, ta mai da 0 ya zama 1.

Domin a fahimta, mu ɗauki misalin rijiyar burtsatse mai tanki a sama. Muna son injin ya tashi da kansa idan ruwan tanki ya yi ƙasa, kuma akwai ruwa a rijiyar, kuma ƙarfin wuta ya isa. Sharuɗɗa 3 ke nan, kowanne amsarsa "i" ko "a'a", don haka yanayin da za a iya samu 8 ne. A yanayi 1 kaɗai injin zai tashi, wato lokacin da duka ukun suka zama "i". Ƙofar DA ita ke yin wannan aiki.

To a ce daga baya kwamitin kula da rijiyar ya buƙaci a ƙara maɓalli, ta yadda mai kula da ita zai iya tayar da injin ko da tankin bai yi ƙasa ba. Yanzu sharuɗɗa sun zama 4, yanayi kuma 16, injin zai tashi a 3 daga cikinsu: tanki ya yi ƙasa KO an danna maɓalli, tare DA samuwar ruwa DA isasshiyar wuta. Wannan misali ne kawai domin ilmantarwa, kasancewar ƙaramin aiki irin wannan ana yin sa da kaya masu arha. Amma ya nuna ainihin matsalar da injiniyoyi suka daɗe suna fama da ita: idan buƙata ta canza, ta yaya za a canza haɗin ƙofofin ba tare da an zubar da na'urar an sake wata ba?

Hanyoyin da ake bi

Hanya ta farko ita ce a sayi ƙananan guntaye, kowanne ɗauke da 'yan ƙofofi, a jera su a kan allo a haɗa da waya. Shahararren guntu mai lamba 7400, wanda Texas Instruments ya fitar a tsakiyar shekarun 1960, ƙofofi 4 ne kawai a cikinsa, da ƙafafuwa 14. Babbar na'ura kan buƙaci ɗaruruwan irinsa, allon ya yi girma, ya ci wuta, kuma duk wani canji sai an sake allo.

Hanya ta biyu ita ce a ba masana'anta odar guntu na musamman wanda aka ƙera domin aiki ɗaya tak. Irin wannan ana kiransa ASIC. Yana da sauri, ba ya cin wuta da yawa, kuma idan za a ƙera miliyoyi kowane ɗaya yakan yi arha. Sai dai shirya shi yana cin kuɗi masu ɗimbin yawa da watanni da dama. Kamar hatimi yake: da zarar an sassaƙa shi, in akwai kuskure sai dai a sassaƙa sabo.

Hanya ta uku ita ce guntu mai karɓar tsari. Masana'anta na cika shi da ƙofofi da wayoyi, amma ta bar mahaɗunsu ga mai saye. Wani nau'in sau ɗaya ake tsara shi, tamkar rubutu da tawada a kan takarda. Wani nau'in kuma kamar allon aji yake, a rubuta da alli, a goge, a sake rubutawa.

Taƙaitaccen tarihi

Kusan duk matakan farko na wannan fasaha a Amurka aka yi su, galibi a jihar Kalifoniya. A 1975 kamfanin Signetics ya fitar da guntu mai lamba 82S100, wanda ke ɗauke da jerin ƙofofin DA da jerin ƙofofin KO. A kowace mahaɗa akwai ɗan ƙaramin fiyus. Mai tsarawa yana ƙona fiyus ɗin da ba ya buƙata da wata na'ura ta musamman, waɗanda suka rage su ne tsarinsa. Fiyus ɗin da ya ƙone ba ya dawowa, saboda haka babu damar gyara kuskure.

A 1978 kamfanin Monolithic Memories ya fitar da wani nau'i mai suna PAL, wanda John Birkner da H. T. Chua suka ƙirƙiro. Sun sauƙaƙa tsarin ne ta hanyar barin jerin ƙofofin DA kaɗai ga mai tsarawa, sai guntun ya fi sauri ya kuma fi arha. PAL ɗaya kan maye gurbin ƙananan guntaye da yawa, don haka ya samu karɓuwa ƙwarai wajen masu ƙera kwamfuta.

Mataki na gaba shi ne samun damar gogewa. A 1984 kamfanin Altera ya fitar da EP300, mai ɗauke da 'yar taga a bayansa. Idan aka haska wani irin haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani ta cikin tagar, tsarin da ke ciki sai ya goge. A 1985 kamfanin Lattice ya kawo GAL, wanda ake gogewa da wutar lantarki kawai, ba tare da taga ko haske ba. Daga baya aka riƙa tara irin waɗannan jeri da yawa a guntu ɗaya, aka kira shi CPLD.

Babban sauyi ya zo ne daga Ross Freeman, wanda tare da Bernard Vonderschmitt da James Barnett suka kafa kamfanin Xilinx a 1984. A wancan zamani taransista abu ce mai tsada, don haka mutane da yawa suna ganin ɓarna ce a cika guntu da makunnan da wataƙila ba za a yi amfani da su ba. Freeman ya yi hasashen cewa farashinta zai ci gaba da faɗuwa har ɓarnar ta zama ba abin damuwa ba, kuma haka aka yi. A 1985 suka fitar da XC2064, mai ɗakunan lissafi 64, jere 8 a tsaye 8 a kwance. Shi ne farkon nau'in da ake kira FPGA a kasuwa. Waɗannan haruffa taƙaitawa ce ta sunansa na Turanci, wanda ke nufin jerin ƙofofi da ake iya tsarawa a wurin aiki. Freeman ya rasu a 1989, tun kafin ya ga irin bunƙasar da ƙirƙirarsa ta yi. Manyan FPGA na yanzu suna ɗauke da miliyoyin ɗakunan lissafi.

Yadda FPGA ke aiki

Ana iya kwatanta cikin FPGA da sabuwar unguwa da aka yanka filaye aka fitar da layuka. Manyan sassansa 3 ne.

Na farko su ne ɗakunan lissafi. Kowane ɗaki yana da ɗan ƙaramin jadawali wanda ake rubuta amsar kowane yanayi a ciki. Idan muka koma ga misalin rijiya mai sharuɗɗa 4, jadawalin zai kasance da gurabe 16, a rubuta 1 a gurabe 3, a rubuta 0 a sauran 13. Duk lokacin da saƙo ya shigo, ɗakin yana duba gurbin da ya dace ne ya ba da amsa. In aka canza abin da ke cikin jadawalin, ɗakin ya koma yin wani aiki daban ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Yawancin manyan guntayen yanzu suna da jadawali mai karɓar sharuɗɗa 6, wato gurabe 64. Har ila yau kowane ɗaki yana da ɗan wurin riƙe amsar da ta gabata, domin a iya ƙirge da bin matakai ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu su ne layukan wayoyi da ke ratsa tsakanin ɗakunan. A kowace mahaɗa akwai makunni, kuma tsarin da aka loda shi ke nuna wanda zai buɗe da wanda zai rufe. Ta haka ake haɗa dubban ɗakuna su zama babban aiki guda.

Na uku su ne ƙofofin shige da fice da ke gefen guntun, waɗanda ke haɗa shi da sauran kayan da ke kan allo.

Akwai wani abu mai muhimmanci da ya kamata a riƙe. Mafi yawan FPGA suna manta tsarinsu da zarar an ɗauke wuta. Saboda haka ake ajiye tsarin a wani ƙaramin guntun memori da ke kusa da shi a kan allo, duk lokacin da aka kunna na'urar sai ya karanto shi daga can. CPLD da wasu nau'o'in FPGA kuwa suna riƙe tsarinsu a cikinsu ko babu wuta. Akwai kuma waɗanda sau ɗaya kawai ake tsarawa, irin waɗanda ake yawan sakawa a kumbunan sararin samaniya.

Yadda ake tsara shi

Injiniya ba ya zana kowace ƙofa da hannu. Yana rubuta bayanin abin da yake so ne a kwamfuta, cikin wani harshe na musamman. Harsuna 2 ne suka fi shahara. Ɗaya shi ne VHDL, wanda ya samo asali daga wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka, aka kuma amince da shi a matsayin daidaitaccen harshe a 1987. Ɗayan shi ne Verilog, wanda aka daidaita a 1995. Manhajar kamfanin da ya ƙera guntun ita ke mai da rubutun ya zama ƙofofi, ta raba wa kowane ɗaki aikinsa, ta zaɓi layukan da saƙo zai bi. Ana gwada tsarin a kwamfuta tukuna, sannan a fitar da fayil guda a loda shi ta wata 'yar waya. Wannan fayil shi ne ran na'urar, kuma mallakin kamfanin da ya haɗa na'urar ne. Galibi sukan kulle shi yadda ba za a iya kwafarsa daga guntun ba.

Bambancinsa da farosesa

Jama'a kan tambaya ko wannan guntu shi ne farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfuta da wayar hannu. Sun bambanta. Haɗin wayoyin farosesa ba ya canzawa, umarni ake ba ta tana bi ɗaya bayan ɗaya cikin matuƙar sauri, kamar ƙwararren manomi guda da ke nome kunya bayan kunya. Shi kuwa FPGA haɗin cikinsa ake canzawa, kuma sassansa suna aiki a lokaci guda, kamar gayya, kowa da kunyarsa. Don haka ya fi dacewa da wurin da saƙonni ke kwararowa ta hanyoyi da yawa kuma ba a son jinkiri. Amma ya fi farosesa wuyar tsarawa, kuma ya fi ASIC tsada da cin wuta idan kayan da za a ƙera suna da yawa ƙwarai. Akwai guntayen da suka haɗa farosesa da FPGA a wuri ɗaya.

Wuraren da ake amfani da shi

1. Sadarwa: na'urorin da ke ƙarƙashin ƙarfen sabis na wayar hannu suna yawan amfani da FPGA. Tun da aka fara amfani da wayar GSM a Nijeriya a 2001 har zuwan 5G a 2022, fasahar ta yi ta canzawa, kuma irin wannan guntu yana ba kamfanoni damar inganta wasu na'urorinsu ta hanyar loda sabon tsari.
2. Asibiti: na'urar hoton ciki da ake duba masu juna biyu da ita tana karɓar amsa-kuwwar sauti ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, aikin da ya dace da FPGA. Haka ma manyan na'urorin ɗaukar hoton jiki.
3. Masana'antu: sarrafa manyan injuna da na'urorin awo.
4. Gidajen talbijin: sarrafa hoton bidiyo kafin a watsa shi.
5. Sararin samaniya: motocin binciken Spirit da Opportunity da suka sauka a duniyar Mas a 2004, da Perseverance da ta sauka a 2021, duk suna ɗauke da FPGA.
6. Gwaji: kafin a kashe kuɗin ƙera ASIC, akan gwada tsarinsa a kan FPGA domin gano kurakurai.

Kamfanonin da ke ƙera shi

Kamfanoni kaɗan ne suka mamaye wannan kasuwa. Intel ya sayi Altera a 2015 a kan dala biliyan 16.7, sannan a 2025 ya sayar da kashi 51 cikin 100 na hannun jarinsa ga kamfanin zuba jari na Silver Lake. AMD ya kammala sayen Xilinx a 2022. Sauran sun haɗa da Lattice da Microchip. Yawancin guntayen ana zana su ne a Amurka, a ƙera su a masana'antun yankin Asiya, musamman kamfanin TSMC na Taiwan. Wannan ya sa duk wata tangarɗa a can takan shafi duniya baki ɗaya. An ga haka daga 2020 zuwa 2022, lokacin da ƙarancin guntayen lantarki ya sa masu oda suka riƙa jira na watanni masu yawa.

Abin lura ga jami'ai da sauran jama'a

Daga bayanin da ya gabata za a fahimci cewa darajar wannan guntu tana cikin tsarin da aka loda masa. Sabon guntu daga kasuwa fanko ne, ko da lambarsa ta yi daidai da ta tsohon. Bisa wannan muke ba da shawarwari kamar haka:

1. Kafin a sa hannu a kwangilar sayen babbar na'ura, a tabbatar an rubuta tsawon garanti, da wanda zai riƙa gyara, da shekarun da kamfanin zai ci gaba da samar da alluna da sabunta tsari.
2. A karɓi littafin na'ura da duk wani faifai ko fayil da ya zo da ita, a adana a ofis, a shigar da sunanta da lambarta cikin rajistar kaya. Kada takardun su bi ma'aikaci idan an yi masa canjin wurin aiki.
3. Idan na'ura ta tsaya, kada a yi gaggawar yanke hukuncin cewa ta mutu. Wani lokaci fayil ɗin da ke cikin memori ne ya lalace, kuma wakilin kamfanin na iya sake loda shi.
4. Kada a bari wanda ba shi da horo a kan na'urar ya ɓamɓare guntu. Ƙafafuwan manyan guntaye ƙananan ƙwayoyin dalma ne a ƙarƙashinsu, sai da kayan aiki na musamman ake cire su.
5. Yayin sabunta tsari a tanadi wutar da ba za ta yanke ba, domin yankewar wuta a tsakiyar lodi na iya hana na'ura tashi.
6. A kare na'urori daga hawa da saukar wuta da kuma tsawa a lokacin damina, a riƙa share ƙurar hunturu daga fankokinsu, a ajiye su inda iska ke zagayawa. Zafi da hawan wuta suna cikin manyan abubuwan da ke kashe kayan lantarki.
7. A yi hattara da jabun kaya. Akwai masu cire tsofaffin guntaye daga matattun alluna, su kankare lambarsu, su buga sabuwa. A sayi kaya daga wakilan da kamfani ya amince da su.

Ga matasa masu karatun injiniyancin lantarki a kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'i, wannan fanni ne da ake iya koyo da kwamfuta da ɗan ƙaramin allon gwaji, kuma manyan kamfanonin suna bayar da wani rukuni na manhajarsu kyauta. Ba sai an mallaki masana'anta ba kafin a iya tsara guntu.

Kammalawa

Mun kawo ma'anar guntun lantarki mai karɓar tsari, da yadda ya taso daga ƙona fiyus a 1975 zuwa manyan FPGA na yau, da wuraren da ake amfani da shi. Muna kira ga shugabannin sassan ayyuka da na lafiya a ƙananan hukumomi, da kwamitocin unguwanni masu sa ido a kan kayan al'umma, da su riƙa tambayar 'yan kwangila game da garanti, gyara da takardun na'ura tun ranar da aka kawo ta. Rigakafi ya fi magani, kuma na'urar da aka san hanyar gyaranta ita ke daɗewa tana yi wa jama'a aiki.